Kwana nawa kiɗa ɗaya ke ci a kwamfuta, kuma me za ka saya ya rage maka su?

Idan ka zauna kusa da makaɗin da hannunsa ya faɗa, kafin shayin da aka zuba muku ya huce zai jera ganga, ya ɗora bes, ya yafa 'yar fiyano a kai, sai ka tsinci kanka kana gyaɗa kai. A nan sabon shiga ke ruɗuwa, ya ɗauka kiɗa aikin rabin awa ne. Abin da ya ji gaɓa takwas ce kawai take ta zagayawa. In ana tafiya a bugu 120 cikin minti ɗaya, kowace gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa biyu ce, ke nan daƙiƙa 16 aka haɗa. Kiɗan minti uku kuwa gaɓa 90 yake nema, kuma dole gaɓa ta 60 ta zo da abin da ta 10 ba ta da shi, in ba haka ba mai sauraro ya danna na gaba. Tsakanin daƙiƙa 16 ɗin nan da minti uku, nan kwanaki ke salwanta.

Ga yadda abin ke zo mini, kuma yadda nake gani wurin abokan sana'a. Tushen kiɗan, wato gaɓa takwas ɗin nan, awa ɗaya zuwa biyu. Shimfiɗa shi ya zama yana da mabuɗi da tsakiya da inda zai lafa ya sake tashi, yini ɗaya ko biyu. Ɗaukar murya, in akwai, wani yinin. Miksin, wato daidaita sautuka kada ganga ta danne bes ko murya ta nutse, shi ma yini guda, sannan a bar kunne ya kwana a sake saurare da safe, domin kunnen da ya sha awa shida yana jin abu ɗaya ba shaida ba ne. Wanda ya ƙware zai iya gamawa cikin kwana uku zuwa mako guda. Wanda ya fara bana, wata ɗaya ba abin kunya ba ne. Don haka kafin ka fitar da kuɗi, gano inda kake maƙalewa a cikin matakan nan, domin kowane kaya akwai matakin da yake gajartawa da wanda ba ya taɓawa.

Mu fara da abin da situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos suka daɗe suna dogaro da shi, fiyanon Yamaha samfurin PSR. Irin wannan fiyano yana zuwa da shiryayyun salon kiɗa a cikinsa: ka danna mabuɗi, ka riƙe sauti da hannun hagu, ganga da bes su bi ka, ka sauya zuwa wani juyin da maɓalli guda, ka rufe da wani. Shimfiɗar da ke cin yini biyu a kwamfuta, a nan da yatsu ake yin ta yayin da waƙar ke tafiya. Shi ya sa mawaƙi kan shigo da safe da waƙar biki ya fita da ita kafin isha'i. In sana'arka ke nan, babu abin da ya kai shi sauri. Amma yana da tsada, kuma salon da ke cikin naka shi ne a cikin na maƙwabcinka. Mai son kiɗan rawa irin su amapiyano ko hawus, inda ake sassaƙa kowane sauti da hannu, zai ga fiyanon ya yi masa ƙunci.

A cikin manhajojin haɗa kiɗa a kwamfuta, FL Studio ita ce na fi ba mai farawa shawara a kai. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ya yi ta, da can FruityLoops ake ce mata, a 2003 aka sauya sunan, shi ya sa har yau tsofaffin hannu ke ce mata Furuti. Wurin jera ganga ba ta da na biyu: ƙananan akwatuna ne a jere, ka danna inda kake son bugu ya faɗa. Allon rubuta sautin fiyano da linzami shi ma yana da daɗin aiki ga wanda bai iya kaɗa fiyano da hannu ba. Wannan bes mai kama da turmi da amapiyano ta shahara da shi, daga wata 'yar na'urar cikinta mai suna Fruity DX10 makaɗan Afirka ta Kudu suka fi ciro shi. Sannan in ka saya sau ɗaya, duk sabon fitowa kyauta ne har abada.

Sai dai akwai rami biyu. Na farko, ƙaramin rukuninta mai suna Fruity, wanda aka daɗe ana sayarwa dala 99, ba ya ɗaukar murya da makirfo. Na ga wanda ya saya don araha, ranar da mawaƙi ya zo ya tsaya gaban makirfo sai ido ya raina fata. In murya za ta shiga aikinka, daga rukunin Producer za ka fara, wanda a da ya daɗe a dala 199, ko da yake gara ka leƙa shafin kamfanin ranar sayen. Rami na biyu ya fi wuyar gani. Saboda haɗa gaɓa takwas yana da sauƙi a cikinta, mutum sai ya wayi gari da tushe hamsin a kwamfuta, babu ko ɗaya da ya kai ƙarshe. Manhajar ba ta da laifi, amma tana taya mai wannan hali.

Ableton Live, ta birnin Balin a Jamus, wadda ta fito a 2001, ita ta fi kusa da maganin wannan ciwo. Tana da wani allo inda kake ajiye gutsattsarin kiɗa kana kunna su kana kashewa kamar mai wasa a dandali, ita kuma tana rubuta duk abin da ka yi a kan layin lokaci. Cikin minti biyar ka sami ɗanyar shimfiɗa da za ka zauna ka gyara. Tana kuma da gwanintar miƙa ko tsuke sautin da aka riga aka ɗauka ya dace da gudun kiɗanka, abin da zai yi maka rana in kana son ɗaukar kalangu ko gurmi ka saka cikin kiɗan zamani. Matsalarta aljihu: cikakkiyar tana da tsada ƙwarai, sabon babban fitowa sai an ƙara kuɗi, ƙaramar mai suna Intro kuma layin sauti 16 kawai take bayarwa. Ga kuma ƙarancin masu amfani da ita a kusa da mu, in ka maƙale da dare sai dai YouTube da datarka.

Cubase ta kamfanin Steinberg ta girme su duka, tun 1989 take, kuma kamfanin yanzu a hannun Yamaha yake. Ƙarfinta murya: jera amshi, tsinto mafi kyau daga ɗauka goma, gyara inda mawaƙiya ta zame. Da yawa cikin situdiyoyinmu kiɗan a wani wuri ake yi, a kawo shi Cubase a ɗora murya. Tun fitowa ta 12 a 2022 suka daina tilasta maƙala ɗan makullin USB da a da manhajar ba ta buɗewa sai da shi. Ga mai kiɗa zalla ba waƙa, ina ganin ta yi nauyi.

Sauran ba sai an ja ba. Logic Pro tana da kyau, cike take da kayan kiɗa a dala 200 ba sisi ɗaya, amma sai da na'urar Apple, kuɗin na'urar shi ne ainihin farashin. Reaper dala 60 ce ga mai ƙaramin aiki, da gwajin kwana 60, ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta, sai dai kusan fanko take zuwa, makon farko wajen nemo mata kayan kiɗa zai tafi. BandLab a waya kyauta ce, ta isa ka kama tunani a cikin mota kafin ya gudu, amma yin miksin da yatsa a kan allon waya azaba ce.

Yanzu ga abin da 'yan kasuwa ba za su faɗa maka ba. Rabin lokacin da ke ɓacewa a nan ba ruwansa da manhaja, wuta ce. Kwamfutar tebur ta fi ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, amma ɗauke wuta sau ɗaya ya isa ya tafi da aikin awa uku. Laftof mai lafiyayyen batir, da ma'adanar SSD, da ƙwaƙwalwa gig 16 in da hali, 8 in babu, ta fi maka komai. Manhajar sata da ake zuba wa mutane a kasuwa ita ma ɓarauniyar lokaci ce: tana rufewa ana tsakiyar aiki, wani lokacin da ƙwayar cuta take zuwa, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Lasifikan situdiyo a ɗakin da ba a gyara ba, mai siminti da kwano, ƙarya za su yi ta yi maka game da bes, ka yi ta gyara abin da ba shi ne ya lalace ba. Gara hedifon mai kyau guda ɗaya, sannan ka gwada kiɗan a waya da cikin mota, inda mutane za su ji shi.

In miksin ne ke cinye maka mako, kada ka sayi komai. Kai wa wanda ya iya ka biya shi, ka zauna kusa da shi kana kallo. Kuma ka sa kwanakin fitarwa cikin lissafi: Audiomack kai tsaye kake ɗorawa, amma Spotify sai ta hannun dillali irin su DistroKid, kuma 'yan Spotify ɗin suna son a gabatar musu da waƙa aƙalla kwana 7 kafin ranar fita in kana fatan masu zaɓen waƙoƙinsu su saurara.

Da ƙanena ne ya zo da kuɗinsa a hannu, cewa zan yi ya fara leƙa situdiyon da ya fi kusa da gidansu ya ga me suke amfani da shi, domin wanda zai nuna maka abu cikin minti biyu ya fi bidiyon awa guda. In duk ɗaya ne, FL Studio rukunin Producer, da laftof, da hedifon. Kafin ya biya ya sauke ta gwaji. Ta gwajin tana barin mutum ya ajiye aiki amma ba ta sake buɗe shi sai an saya, tana dai barin a fitar da sautin. Ya zaɓi ranar da akwai wuta, ya zauna tun safe, ya ga ko zai kai gaɓa ta 90 kafin ya rufe.