Kwalin UNO da na kai haɗuwarmu ta Kirsimeti

Duk shekara haka muke, ana shiga tsakiyar Disamba guruf ɗinmu na abokai zai farfaɗo, wanda bai ce uffan ba tun watan Maris shi ne zai fara turo "bana ina za mu haɗu?", a yi ta lissafa wurare kwana da kwanaki, alhali kowa ya san gari ya cika ya batse, gosulo ta ko'ina, gidan abinci sai kun yi tsayuwar jiran tebur, in ma kun samu ɗin kiɗa ba zai bari ka ji na kusa da kai ba. Bana dai muka haƙura da yawo, washegarin Kirsimeti muka taru a falon ɗaya daga cikinmu, mu takwas. Ni aka ɗora wa nemo abin da za a yi, don bara da muka haɗu kowa kansa na kan waya, awa uku muna zaune amma hirar da aka yi ba ta kai ta minti ashirin ba. Shi ne na biya na sayo kwalin UNO, kuma ga abin da na gani.

Kwalin ƙarami ne, yana shiga aljihun jaka. Nawa kati 112 ne a ciki, tsohon bugu 108 ne, ƙarin huɗun sun haɗa da wasu guda uku da aka bari babu rubutu don ku rubuta dokar da kuka ga dama. Kala huɗu ne, ja, kore, shuɗi da rawaya, lambobi daga 0 zuwa 9. Ana raba wa kowa bakwai, a buɗe ɗaya a tsakiya, kai kuma ka ɗora mai kala iri ɗaya ko lamba iri ɗaya, in ba ka da shi ka ja ɗaya daga tuli. Sai katunan mugunta, akwai na tsallake mutum, akwai na juya layi ya koma baya, akwai +2, akwai baƙi mai canza kala, sai ubansu duka wato +4. In katinka ya rage ɗaya dole ka ce "uno", in aka kama ka ba ka faɗa ba ka ja biyu. Kalmar ma ma'anarta "ɗaya" ce a yaren Sifaniya da na Italiya. Shi ke nan fa. Mutum uku a cikinmu ba su taɓa bugawa ba, zagaye ɗaya suka kalla suka shigo, kuma wannan sauƙin shi ne babban abin da zan yaba, ba sai an zaunar da mutane ana musu lacca ba. Ba caca ba ce kuma, ba a sa ko sisi, kar wani ya ji kati ya ɗaga gira.

Rikici ya fara ne a zagaye na uku. Ƙanwar mai gidan, wadda tun da muka zo take wani sunkuyar da kai tana gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta ajiye wa abokinmu likita +4 a hankali kamar mai miƙa saƙo, ta ce "yaya yi haƙuri, ɗauki huɗu." Shi kuwa ko a jikinsa, ya zaro nasa +4 ɗin ya maka a kai ya juyo gare ni ya ce "mutumina takwas ne naka." Na ce wallahi ban san zancen ba. Nan falo ya rabu biyu, wasu na cewa ai haka ake yi tun suna yara, wasu na cewa ba a tara hukunci, har mai gida ya miƙe tsaye yana nuna mu da kati. Da ƙyar aka tono 'yar takardar dokoki da na riga na jefa gefen kujera. Babu tarawa a ciki. An sa maka +2 ko +4, ka ja, layi ya wuce ka, magana ta ƙare. A 2019 ma shafin wasan na Twitter ya fito ya faɗi haka ƙarara, mutane suka yi ca a kansu suna cewa su masu wasan ne ba su iya wasansu ba. Likita dai ya ja huɗunsa yana ƙunƙuni.

Abin da ya fi ba mu mamaki a takardar wani ne daban. Ashe +4 ba a ajiye shi yadda aka ga dama, sai in ba ka da kati mai kalar da ke ƙasa. Wanda aka sa wa yana da ikon ya ce bai yarda ba, a nuna masa hannu, in ya kama ka da kalar kai za ka ja huɗun, in kuma zarginsa ya tashi a banza ya ja shida. Mu takwas babu wanda ya san da wannan, har masu cewa sun shekara goma suna bugawa. Daga nan wasan ya canza gaba ɗaya, ya koma kallon ido, ka ga mutum ya ajiye +4 yana wani ɗaure fuska kana lissafin ko ƙarya yake. Yarinyar nan sau biyu ana ƙalubalantarta sau biyu ana jan shida, fuskarta ba ta nuna komai, yayanta ya ce shi yau ya fara jin tsoronta.

Wani wanzami ne fa ya ƙirƙiro wasan, mai aski a jihar Ohio ta Amurka, Merle Robbins, a 1971. Shi da iyalinsa suka haɗa dala 8,000 aka buga kwali 5,000, ya fara sayarwa a shagon askinsa, daga baya ya sayar da haƙƙin a kan dala 50,000 da kamashon senti 10 na dala a kowane kwali. Tun 1992 kamfanin Mattel ke da shi. Da na faɗa musu wani ya ce dama wasan ya yi kama da aikin mai shagon aski, wurin da musu ba ya ƙarewa.

To sai inda ban gamsu ba. A jikin kwali an rubuta mutum 2 zuwa 10, amma ni a ganina daga huɗu zuwa shida ya fi daɗi. Mu takwas layi na daɗewa kafin ya zagayo, in kuma mutum biyu suka sami katin juyawa suna ta mayar wa juna, na ɗaya gefen sai su yi zaman kallo, a nan ne na ga hannun wani ya fara lallaɓawa wajen waya. Lissafin maki kuma, wai wanda ya gama ya tattara makin katunan da suka rage a hannun saura, lamba da darajarta, na tsallake da na juyawa da +2 maki 20, baƙi mai canza kala da +4 maki 50, har wani ya kai 500, gaskiya mun gwada zagaye biyu muka watsar, wa zai riƙe biro ana wannan ihun. Sannan akwai ɗayanmu da ba ya bambance ja da kore sosai, sai da muka ƙara haske muka riƙa faɗin kala da baki duk wanda ya ajiye. Akwai bugun da aka fitar a 2017 mai alamomi don masu irin wannan matsalar, da na tuna da shi ai shi zan nema. Katin kuma takarda ce, ba ta son ruwa, likita ya ture kofi da gwiwar hannu garin murnar ramuwa, shuɗin 7 ya kumbura ya lanƙwashe, yanzu kowa na gane shi daga baya. In za ku saya ku duba da kyau don jabu sun yi yawa, za ka ji su sharara kamar takardar littafi.

Katunan nan uku marasa rubutu da fensir muka cike su don a iya gogewa. Ɗaya muka sa "duk wanda ya taɓa waya ya ja uku", mai gida ne ya fara faɗawa, wai agogo yake dubawa. In ku masu son tarawar nan ne akwai wani bugu na 2023 mai kati 168 da ya halatta ta, wanda katinsa ya kai 25 a hannu ya fita, amma ku dai ko da wannan na yau da kullum ɗin ku zauna ku yanke dokarku kafin a raba kati.

Mun ce ƙarfe tara za mu watse saboda masu nisa, sha ɗaya ta wuce ana "na ƙarshe, na ƙarshe". Da na dawo gida na ƙirga katin 111 na samu. Na tambaya a guruf kowa ya yi gum, sai da safe likita ya turo hoton +4 a kan kujerar motarsa, wai bai san yadda aka yi ya shiga aljihunsa ba. An sa ranar 31 a sake zama, kuma an ce shi a tsakiyar falo zai zauna, da riga mara aljihu.