Shagon gyaran tsofaffin hotuna a titin Zoo: abin da suka iya da inda suka gaza

Gwaggona ta yi aikin kula da fasinjoji a jiragen Nigeria Airways a shekarun 1970, lokacin da kamfanin, wanda aka kafa a 1958 kuma ya durƙushe a 2003, yake jigila tsakanin Legas da Landan yana yada zango a Kano. Abin da ya rage mata daga wancan zamani shi ne hotuna uku da suka daɗe a ƙasan adaka har danshi ya cinye gefensu. Su na kai wani shagon gyaran hotuna da ke titin Zoo.

A wajen ɗinke ɓarna, aikinsu ya yi kyau ƙwarai. Hoton da take tsaye a matakalar jirgi a filin da yanzu ake kira na Malam Aminu Kano ya tsage ne ta kan kafaɗarta, amma matashin da ke kan kwamfuta ya haɗe shi ba tare da tabo ba, har ya fito da tambarin kamfanin na giwa mai fukafukai wanda ni kaina ban lura yana jikin hoton ba. Sun cika alkawarin kwana huɗu, takardarsu kuma mai kauri ce.

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen sanya launi. Sun bar wa manhaja ta yi hasashe, sai ta mayar da kayan aikinta shuɗi, ta kuma haska mata fata har ta koma wata mace daban. Da na miƙa mata, ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ɗan nan, wannan ba ni ba ce, kuma kayanmu kore ne." Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a wurina, domin matan wancan aiki an sha auna su da ma'aunin kyau maimakon na ƙwarewa. A Amurka, inda Ellen Church, ma'aikaciyar jinya, ta buɗe wa mata wannan hanya a 1930, kamfanoni sun shafe shekaru suna ɗora ma'aikatansu a kan sikeli, suna kuma sallamar duk wadda ta yi aure ko ta kai shekara 32 ko 35. Ita gwaggo surutun dangi ne ya raba ta da aikin, bayan ta riƙe hannun tsofaffin maniyyata da yawa waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba.

Mai shagon bai yi gardama ba. Ya ce, "A ba Hajiya haƙuri," ya sake aikin kyauta, ina zaune kusa da shi ina nuna masa launin da ta faɗa. Wanda zai kai musu hoton iyayensa ya samu lokaci ya zauna da su haka. Hoto na uku, wanda take riƙe da faranti a tsakanin kujeru, na ce a bar shi baƙi da fari yadda aka ɗauke shi.