Na je bikin 'yan Bama a Fort Wayne: abincin ya biya, layin ya gajiyar

A Zariya muka taso muna jin "yaƙin Bama" a bakin tsofaffi. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma abin da ya fi faɗa mana ruwan sama ne da sauro da daji. Barikin Chindit da ke Zariya da na Kalapanzin a Kaduna duk daga can sunayensu suka fito. Shi ya sa da wani abokin aikina ɗan Bama a Indianapolis, jihar Indiana ta Amurka, ya miƙo mini takardar gayyata ya ce mutanensu za su yi bikin sabuwar shekara da tara gudummawa a Fort Wayne, ban yi wata-wata ba.

A watan Afrilun 2025 ne, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar da ta afka wa yankin Mandalay da Sagaing na ƙasar Bama ranar 28 ga Maris. Ƙarfinta ya kai 7.7, ta kashe mutum fiye da 3,000. Ranar Juma'a ce cikin azumi, kuma ta zo daidai lokacin da jama'a suka cika masallatai, don haka Musulmi da dama a masallaci rai ya yi halinsa. Kuɗin bikin na waɗanda girgizar ta shafa ne.

Tafiyar awa biyu ce a mota. Fort Wayne na cikin garuruwan Amurka da 'yan Bama suka fi yawa, har Musulminsu sun gina masallacinsu a garin. A wani babban ɗakin taro aka yi, shiga kyauta, sai dai ka canji kuɗinka da tikiti a bakin ƙofa, da shi za ka sayi komai a ciki. Na canji dala 30. Wata dattijuwa da ta shafa garin thanaka, hodar itace da suke kwalliya da ita, a kumatu ta tsoma ganye a kwanon azurfa ta yayyafa mini ruwa a kafaɗa. A ƙasarsu bikin sabuwar shekarar, wato Thingyan, watsa ruwa ake yi da bokiti da tiyo har kwana huɗu ko biyar, amma sanyin Indiana a watan Afrilu ba ya ɗaukar wannan wasa, kuma a shekarar zukata ba su kwanta ba.

To, abinci. Nan ne kuɗina ya fita da hakkinsa. Na fara da mohinga, wadda su ke karin kumallo da ita: taliyar shinkafa siririya a cikin romon tarwaɗa mai kauri, da yankakken ɓargon ayaba, da dafaffen ƙwai, an marmasa wani soyayyen abu mai ƙaras-ƙaras a sama. Warin da ya fara dukan hancina ya tuna mini da daddawa, ashe wani markaɗaɗɗen kifi ne da suke kira ngapi. Duk wanda ya tashi da miyar kuka ba zai yi baƙunta a nan ba. Na shanye har da ɗaga kwano.

Laphet kuwa sai da na yi cokali uku kafin mu fahimci juna. Ganyen shayi ne ake tsimawa a kwaɗanta shi da riɗi da gyaɗa da soyayyen wake da tafarnuwa da tumatir. Kwaɗo ne sak, kamar na zogale, illa ɗacinsa da tsaminsa na daban ne. Ba wanda ya gargaɗe ni cewa ganyen shayi ko a kwaɗo yana nan da halinsa. Daren nan sai ƙarfe biyu na runtsa.

Sai wasu 'yan mata suka miƙo mini faranti da ƙananan dunƙulen garin shinkafa, kamar fura ƙanana, an barbaɗa musu kwakwa. A cikin kowane akwai mazarƙwaila. Na ci biyu lafiya, na uku na tauna barkono ɗanye. Dariyar da suka yi har da riƙe ciki ta nuna mini da gangan ne, al'adar bikin ce a ɓoye barkono a wasu. Na yafe, amma ban ƙara ba.

Ga mai kula da halal: a tambaya kafin a saya. Teburan ba na ƙabila ɗaya ba ne, akwai Bama, akwai Karen, akwai Mon, kuma wasu na sayar da naman alade ba tare da an rubuta da Turanci ba. Teburin Musulmi yana can ƙurya da shinkafa dafa-duka mai kaza da suke kira danbauk da sambusa. Mai teburin da ya ji sallamata ya ƙara mini cinya guda, shi ne kuma ya nuna mini wani lungu na yi Azahar.

Abin da ya ɓata mini rai layi ne. Layi ɗaya na canjin tikiti ga dukan jama'a, mutum biyu kacal a kan tebur, na yi kusan minti 40 a tsaye. Kafin in koma karo na biyu mohinga ta ƙare. Lasifika ma ta riƙa ƙugi, jawabai kuma kusan duk da harshen Bama, ba tafinta, alhali an gayyaci baƙi. Rawar mata ta rukuni, da kaya iri ɗaya da furanni rawaya a ka, ta yi kyau ƙwarai. Wasan da ake kira thangyat, inda jagora ke jefa baiti amshi na biyo shi da habaici ga masu mulki, shi ya fi tada ɗakin, ni kuwa sai kallon baki. Abokina ya raɗa mini cewa sojojin da suka yi juyin mulki ranar 1 ga Fabrairun 2021 ake yi wa.

Na tambayi ɗaya daga cikin masu shirin ta ina kuɗin zai bi, don mun san halin asusun gudummawa. Ya ce ba za su bi ta hannun gwamnatin soja ba, ta hannun 'yan sa-kai da gidajen ibada da suka sani a Mandalay za su aika, kuma za su sa rasit a shafinsu na Facebook. Amsar ta gamsar da ni. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ganin matan da suka kwana suna girki da kayan aljihunsu, ba su ɗauki ko sisi ba.

Idan za ka je irinsa, ka isa kafin ƙarfe 11, ka riƙe tsabar kuɗi, ka canji tikiti mai yawa a karo ɗaya. Na dawo da tikitin dala 4 da ban kashe ba, da robar laphet da dattijuwar nan ta cusa mini da ta ji kakana ya taɓa taka yankin Arakan na ƙasarsu. Ta ce in kai masa. Ban iya gaya mata ya rasu tun ina firamare ba.