Kafin ka sayi laftof na hannu, duba shekarun furosesarsa

Mai shago zai nuna maka girman RAM, ya danna madannai ka ga ba su maƙale, ya ce batiri na kai awa huɗu. Ba zai taɓa yi maka zancen ɓarakar da ke cikin furosesa ba, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma ita wannan ɓaraka ba antibairos ke toshe ta ba.

A watan Janairun 2018 aka bayyana ɓaraka biyu, Meltdown da Spectre. Furosesa na yin aiki kan hasashe don ta yi sauri, sai aka gano wata manhaja na iya bin sawun hasashen ta leƙa bayanan wata, har kalmomin sirri. Meltdown ta fi shafar Intel, Spectre kuwa ba ta bar AMD da ARM ba. A 2023 sai ga Downfall a Intel zubi na 6 zuwa na 11, da Zenbleed a AMD masu ƙirar Zen 2. Kada wani ya ce maka kamfani kaza ya tsira.

Tunda ba a sake ƙera abin da ya riga ya fita kasuwa, maganin shi ne gyara a cikin Windows ko Linux, da sabunta maikurokod, wato ƙaramar manhajar da ke cikin furosesa, ta hanyarsu ko ta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta idan an kunna ta. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: har yanzu kamfanin da ya ƙera laftof ɗin na fitar wa wannan samfurin sabon BIOS?

Intel zubi na 7 zuwa ƙasa su ne masu arha, kuma su na fi jin tsoro. Windows 11 ba ta karɓe su a hukumance ba, ga Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari a 14 ga Oktoba 2025. In dole sai su, sa musu Linux. Gyaran ma kan ɗan rage musu sauri, kuma tsofaffi sun fi jin jiki.

Zubi na 8 zuwa na 11 nan ne tsaka-tsaki, kuma nan zan kai kuɗina in ba su da yawa, amma a samfurin ofis irin ThinkPad, Latitude ko EliteBook. Waɗannan sun fi daɗewa ana ba su sabon BIOS fiye da laftof ɗin gida. Zubi na 12 zuwa sama Downfall ba ta shafe su ba. A ɓangaren AMD, a laftof Ryzen 3000 ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa.

A shagon, buga msinfo32 a akwatin bincike na Windows ka ga ranar BIOS, sannan ka duba shafin kamfanin a wayarka ko akwai wanda ya fi shi sabo. Shiga BIOS ɗin ma da kanka. In ya nemi kalmar sirrin tsohon ofishin da ya fito, kuma mai shago bai san ta ba, ajiye shi ka duba wani, domin sabunta shi zai iya gagararka.