for ko lapply: wanne ya fi wajen ɗebo farashin hannun jarin Tadawul?

Ɗalibanmu da ke karatun tattalin arziki a Jidda da Riyad kan yi gardama a kan wannan. Tadawul ita ce kasuwar hannun jari ta Saudiyya, for da lapply kuwa hanyoyi biyu ne na maimaita aiki ɗaya a kan jerin abubuwa a manhajar R ta nazarin alƙaluma. Ga jerin lambobin kamfanoni a hannunka: 2222.SR ta Aramco, 1120.SR ta bankin Al Rajhi, 7010.SR ta stc. Kana son manhajar R ta ɗebo farashinsu daga Yahoo Finance da umarnin getSymbols na quantmod, wani ƙunshin umarni da ake ƙara wa R.

lapply gajere ne, yana miƙo komai cikin jeri guda, muddin ka sa auto.assign=FALSE a cikin getSymbols, don ya miƙo bayanan kai tsaye. Amma da zarar lamba ɗaya ta ƙi zuwa, ko intanet ta ɗauke, duk abin da ya ɗebo ya salwanta, sai fa in ka haɗa shi da tryCatch, umarnin da ke tare kuskure don aiki ya ci gaba.

Shi kuwa for, duk kamfanin da ya ɗebo kana iya ajiye shi nan take. In ya yi tuntuɓe a kamfani na 20, na baya 19 suna nan a ajiye, daga nan za ka ɗora. Masu cewa for yana da jinkiri, ai jiran amsar Yahoo ne ke cin lokaci, ba zagayen ba.

Ni dai mai koyo for nake ba shi. In jerin ya yi tsawo, ya sa Sys.sleep, umarnin ɗan dakatawa, tsakanin kamfani da kamfani, kada Yahoo ta toshe shi.