Kafin ka sayi babban allo wa laftof ɗinka: dubi ramukanta tukuna

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun mutane a Maradi na hannu ne, HP EliteBook, Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, kuma ba su da katin hoto na daban. Abin da ke zana hoton yana cikin furosesa ne (ƙwaƙwalwar kwamfutar), Intel HD ko UHD, yana aron wani kaso na RAM, wato ma'ajiyar aikin kwamfutar ta wucin gadi. Wannan ya isa ya ɗauki allo na biyu don Word, Excel, kallon bidiyo da lissafin shago. Inda ake asarar kuɗi shi ne a sayi allon da ramin kwamfutar ba zai iya ciyar da shi ba.

Saboda haka juya ta ka duba ramukan haɗa allo da ke gefenta. EliteBook 840 daga G1 zuwa G4 ba ta da HDMI sam, DisplayPort da VGA ne a jikinta. Wayar da ke fita daga DisplayPort zuwa HDMI tana aiki, amma akasin haka, daga HDMI zuwa DisplayPort, ba ya yiwuwa sai da na'urar juyi mai wuta. VGA tsohon yayi ne: ba ya ɗaukar sauti, kuma in wayar ta yi tsawo rubutu yakan yi dishi-dishi. USB-C kuwa ba kowanne ke fitar da hoto ba, galibi sai wanda ke da alamar walƙiya ko harafin D a kusa da shi.

Ga mafi yawan mutane, allo mai inci 22 ko 24, ƙarfin 1920x1080 (yawan ɗigon hoto a kwance da a tsaye), mai gilashi irin IPS, shi ne zaɓin da muke ba da shawara. Ko Intel HD 4000 na 2012 yana tafiyar da shi a 60Hz, wato sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ba tare da wahala ba. IPS ya fi wani irin gilashin da ake kira TN domin launinsa ba ya gushewa in an kalla daga gefe, abin da ke da amfani a ofis ko wurin buga takardu inda mai aiki da abokin ciniki ke duban allo ɗaya. Mai inci 27 da 2560x1440 ya fi faɗin wurin aiki, kuma Intel HD 520 da UHD 620 suna ɗaukarsa, amma inci 27 a 1080 haruffa sukan fito da kaushi.

4K, wato allo mai 3840x2160, shi ne tarkon. Yawancin laftof masu UHD 620 ko waɗanda suka girme su HDMI 1.4 gare su, wanda ke tsayawa a 30Hz kan 4K. Za ka ga kibiyar linzami tana jan ƙafa, ka zaci kwamfutar ce ta lalace. Sai da DisplayPort 1.2 ko HDMI 2.0 ake samun 60Hz. In RAM ɗinka 4GB ne, kuɗin ya fi amfani a ƙara masa: sanda biyu masu 4GB ko 8GB sun fi sanda ɗaya sauri wajen hoto, tunda daga RAM ɗin ne mai zana hoton ke sha.

Talabijin fa? Da yawa daga masu inci 32 marasa tsada 1366x768 ne kawai, kuma sukan yanke gefen hoto. Don kallo sun yi, don rubutu na awanni suna gajiyar da ido.

A duba wuta ma. Allon LED mai inci 24 yana cin wajen watt 20 zuwa 25, tsofaffin LCD masu kauri kuwa sun kusa ninka haka, ga zafi a watan Afrilu. Laftof tana da batir, allo ba shi da shi, don haka in NIGELEC ta ɗauke wuta, allon ne zai fara mutuwa. Mai sola ya nemi wanda cajarsa ke waje kuma aka rubuta 12V a kai.

Tafi da kwamfutarka shagon. A haɗa a gabanka, danna maɓallan Windows da P tare, zaɓi Étendre (faɗaɗa allo), sannan a Paramètres (saituna) ka tabbatar ya nuna cikakken ƙarfinsa da 60Hz. Buɗe farin shafi da baƙi ka nemi ɗigon da ya mutu ko layi a tsaye, ka bar shi kunne minti goma, domin wasu na hannu sai sun ɗumama suke fara ƙyaftawa.