Rangadin 1916 a Dublin: na biya kuɗi, amma wurin da ya fi taɓa ni kyauta ne

Ƙanena ne ya saya mini tikitin, lokacin da na kai masa ziyara a Dublin, babban birnin Ailan. Ya san ni da son tarihi, sai ya nemo wani ƙaramin kamfani a intanet da ke zagayawa da baƙi wuraren da aka yi tawayen Ista na 1916. Tallar ta ce wuri uku za a je: babban gidan waya na titin O'Connell, da gidan yarin Kilmainham, da maƙabartar Arbour Hill inda aka binne shugabannin tawayen. Daga baya da na ga abin da ya biya, sai da na mayar masa da rabi, saboda kuɗin ya ninka na shiga gidan yarin sau da yawa.

Mu goma sha biyu ne a motar, yawanci Amurkawa masu neman asalin kakanninsu. Ɗan jagoranmu dattijo ne mai faram-faram, ya makara da kusan minti ashirin, kuma wannan makarar ita ta bi mu har ƙarshen tafiyar. A gaban gidan wayar ya yi mana shimfiɗa mai kyau. Ranar Litinin ɗin Ista, 24 ga Afrilu 1916, 'yan tawaye suka kame ginin, Patrick Pearse ya fito ya karanta takardar shelar kafa jamhuriyar Ailan, wadda mutum bakwai suka sa wa hannu. Kwana shida ana gwabzawa da sojan Birtaniya, tsakiyar gari ta ƙone, kusan mutum ɗari biyar suka mutu, fiye da rabinsu farar hula. Ranar 29 ga wata Pearse ya miƙa wuya. Abin da na yaba wa dattijon shi ne bai ɓoye mana cewa a lokacin mutanen Dublin da yawa haushin 'yan tawayen suke ji ba, musamman matan da mazajensu ke fagen yaƙin duniya cikin rundunar Birtaniya. Har ihu aka yi musu a titi da aka tasa ƙeyarsu.

A Kilmainham ba a shiga da jagoran waje. Ma'aikatan wurin ne ke zagayawa da mutane rukuni-rukuni, kuma sai an yi rajistar tikiti tun kafin ranar. Ke nan aikin kamfaninmu a nan bai wuce sayen tikiti da ajiye mu a ƙofa ba. Matar da ta karɓe mu a ciki kuwa ta san aikinta. An buɗe gidan yarin a 1796, aka rufe shi a 1924, ya zama kango har sai da 'yan sa kai suka gyara shi a shekarun 1960. Ta fara kai mu ɗan ƙaramin cocin da aka ɗaura auren Joseph Plunkett da Grace Gifford da dare, sojoji na tsaye a kansu, da asuba aka harbe ango. Daga nan muka bi tsohon ɓangaren ginin, lungu mai duhu da sanyin da ke ratsa ƙashi, an rubuta sunayen fursunonin a saman ƙofofin ɗakunan. Ƙarshe sai farfajiyar da fursunoni ke fasa dutse a da. Katanga ce doguwa ta kewaye ta, babu taga ko ɗaya da ke kallon ciki. Ƙananan gicciye biyu baƙaƙe ne ke nuna inda aka yi harbin. Tsakanin 3 da 12 ga Mayu aka harbe mutum goma sha huɗu a nan, bayan shari'ar kotun soja da aka yi a asirce. James Connolly, wanda harsashi ya ragargaza wa ƙafa, bai iya tsayuwa ba, sai a kan kujera aka ɗaure shi. Babu wanda ya yi tari a cikinmu.

Ina fitowa tambaya ɗaya ce a raina: to gawarwakin fa? Amsar tana Arbour Hill, kuma nan ne rangadin ya ba ni kunya. Mun isa ana yayyafi, dattijon ya dubi agogo ya ce minti goma muke da shi saboda direba na da wani aikin. Ya nuna mana kabarin daga nesa, ya ce shugaba Kennedy na Amurka ya taɓa ajiye furanni a nan a 1963, Amurkawan suka ɗauki hotuna, aka ce mu koma mota. Ko sunayen ban gama karantawa ba.

Da na koma gida na ba ƙanena labari, ya ce, "Yaya, ai ba a biyan ko sisi a wurin. Gobe ka hau jirgin cikin gari, Luas mai jan layi, ka sauka a tashar Museum, ka zagaya ta bayan barikin Collins, ƙafa za ta kai ka." Haka na yi washegari, ni kaɗai, na yi sama da awa guda a can.

Janar John Maxwell, wanda aka turo ya murƙushe tawayen, shi ya hana a ba iyalai gawarwakin. Tsoronsa kada kaburburan su zama wurin ziyara, a mayar da mamatan gwaraza. Mutumin tsohon hannu ne a yaƙoƙin mulkin mallaka, da shi aka yi yaƙin Omdurman a Sudan a 1898. Saboda haka duk wanda aka harbe da asuba, sai a ɗauko gawarsa a ƙetare kogin Liffey da ita zuwa farfajiyar gidan yarin soja na Arbour Hill, a saka a dogon rami guda, babu akwatin gawa, a zuba wata irin farar ƙasa mai ƙuna da aka yi imani tana saurin cinye jiki. Mahaifiyar Pearse 'ya'ya biyu ta rasa a kwana biyu, Patrick ranar 3 ga wata, Willie ranar 4, ta roƙi a ba ta gawarsu aka hana ta.

Rashin akwati bai dame ni ba, mu ma da likkafani kawai muke kai namu, kabarin ma bayan 'yan shekaru sai ya baje. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hana dangi su yi wa mamacinsu sutura, su raka shi, su san ta ina kansa yake. Duk wanda ya taɓa rasa wani a nesa bai samu jana'iza ba zai gane abin da nake nufi.

Wurin a yau fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa da bishiyoyi, shiru kamar ba a tsakiyar birni ba. Kana shiga za ka wuce cocin sojan ƙasar, sannan duwatsun kaburburan tsofaffin sojojin Birtaniya da iyalansu, an jera su a jikin katanga, wasu rubutun ya goge. Wato waɗanda suka yi wa daular aiki da waɗanda suka tayar mata, ƙasa ɗaya ta rufe su. Can ƙurya kabarin yake, a kan dandamalin dutse. Ɗan fili ne mai kusurwa huɗu, an kewaye shi da dutse, an sassaƙa sunaye goma sha huɗu a gefensa, da harshen Ailan a ɓangare ɗaya, da Ingilishi a ɗayan. Bayansa bango ne mai lanƙwasa da aka rubuta takardar shelar nan gaba ɗayanta a jikinsa da harsunan biyu, da gicciye mai ruwan zinariya a tsakiya, da tutar ƙasar. Shi ke nan. Babu mutum-mutumi, babu kantin tsaraba, babu mai tallar komai. Katangar da ke gefe ta gidan yari ce da har yanzu akwai fursunoni a ciki. Mutum biyu kacal na tarar, wata tsohuwa tana yawo da karenta, da wani saurayi a kan benci yana cin abincin rana. A watan Mayu ne ake taron tunawa na gwamnati, shugabanni da sojoji su hallara.

Da na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya sai na ga ashe na kwana biyu ina jin su a gari ban sani ba. Tashar jirgin Heuston sunan Seán Heuston ce, saurayi ɗan shekara 25 da ke aiki a kamfanin jirgin ƙasa. Tashar Connolly da ta Pearse ma haka, duk a 1966 aka raɗa musu, da tawayen ya cika shekara hamsin. Harbin da aka yi ta yi kaɗan-kaɗan har kwana goma shi ya juya zukatan mutanen da suka yi musu ihu a titi, zuwa zaɓen 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta lashe mafi yawan kujerun Ailan.

Gaba ɗaya mutum sha shida aka yanke wa hukuncin kisa aka zartar, amma biyu daga cikinsu ba sa nan. An harbe Thomas Kent a Cork, sai a 2015 aka tono shi aka mayar da shi garinsu. Roger Casement kuma rataye shi aka yi a Landan cikin Agustan 1916, aka dawo da ƙasusuwansa a 1965, yana maƙabartar Glasnevin. Shi ne jami'in Birtaniya da ya taɓa aiki a Kalaba, ya kuma tona asirin zaluncin da ake yi wa masu tatsar roba a Kwango. Dattijonmu ko sunansa bai ambata ba.

Idan tauraro biyar ake bayarwa, rangadin kamfanin uku zan ba shi, biyu daga ciki ma albarkacin matar Kilmainham ne. Wanda zai je, ya sayi tikitin gidan yarin da kansa tun da wuri, don yana ƙarewa da sauri lokacin bazara, ya je da safe, ya ɗauki rigar ruwa. Daga nan ya wuce Arbour Hill da ƙafarsa ko a Luas. Gidan tarihin da ke barikin Collins, ƙasa kaɗan da maƙabartar, shi ma shigarsa kyauta ce, kuma akwai wurin shan shayi a ciki.